Gandun Inabi A Italiya Da Darajar Suna

A ƙasar Italiya akwai gidaje da yawa waɗanda tun kaka da kakanni ba su da sana'ar da ta wuce noman inabi. Su ne ke dasawa, su girbe, su matse 'ya'yan, su mai da ruwan giya iri biyu, ja da fara, sa'an nan su ɗura a kwalba su manna sunan gidansu a jiki. Giya haramun ce ga Musulmi, wannan babu ja a ciki, kuma ba don ita a ke wannan magana ba. Don gonar a ke yi, da masu gonar, da yadda gida guda zai yi shekaru ɗaruruwa a kan fili ɗaya bai tashi ba, bai kuma tsiyace ba. Mai hankali ya kan koyi ɗinki ko da a wurin telan da ba zai taɓa sa rigarsa ba.

Italiya na cikin ƙasashe uku da suka fi kowa wannan noma, ita da Faransa da Sifen. Gonakin inabinta sun kai wajen hekta 700,000, hekta ɗaya kuwa eka biyu da rabi ce. A 2024 abin da ta sayar a ƙasashen waje ya haura Yuro biliyan 8. Yawancin gonakin ƙanana ne, na magidanci da matarsa da 'ya'yansa, watau irin abin da Bahaushe ke kira gandu. Abin lura shi ne, maƙwabta biyu za su noma inabi iri ɗaya a jikin tudu ɗaya, ɗaya ya sayar wa dillali nasa ɗanye a kan 'yan kuɗi kaɗan, ɗayan kuwa ya sayar da nasa a kwalba a kan abin da ya ninka wannan sau da yawa. Bambancinsu suna ne. Sunan gida shi ne amfanin gona mafi tsada a Italiya, shi ne kuma mafi saurin lalacewa.

JA DA FARA

Kafin a gane yadda a ke samun sunan, sai a san aikin. Kurangar inabi ba gero ba ce da za a shuka da damina a girbe da kaka. Idan an dasa ta sai ta shekara uku kafin ta ba da abin kirki, daga nan ta yi shekara talatin, ko arba'in, ko fiye, tana bayarwa. Dattijon da ya dasa sabuwar gona, don ɗansa ya dasa. Da ɗari a ke datse rassanta a bar kaɗan, da ɗumi ya shigo ta yi toho, daga Agusta zuwa Oktoba a yi girbi. Ƙanƙarar sa'a guda cikin watan Yuli tana iya kwashe aikin shekara.

Kusan kowace kuranga a ƙasar 'yar aure ce, kamar mangwaro. Dalili kuwa shi ne wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, a na kiransa filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka cikin shekarun 1860. A 1879 aka fara ganinsa a Italiya, ya hallaka gonaki ba iyaka. Ba a sami kansa ba sai da aka ɗauko saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, aka aura mata reshen inabin gida.

Launin giyar ba daga ruwan ya ke fitowa ba. Ruwan yawancin inabi fari-fari ne ko da 'ya'yan baƙaƙe ne, launi a ɓawo ya ke. Mai son fara sai ya matse nan da nan ya ware ɓawon, ya bar ruwan kaɗai ya tsima. Mai son ja sai ya bar ruwa da ɓawo tare kwana da kwanaki, wani lokaci har makonni, har ruwan ya rine. Ɓawon nan shi ke ba ta bauri, baurin kuwa shi ke sa ta jure ajiya. Saboda haka yawancin fara a kan kai ta kasuwa 'yan watanni bayan girbi, ja mai daraja kuwa sai ta yi shekaru cikin gangar katako da kwalba.

A garin Montalcino na lardin Tuskani, jar da a ke kira Brunello ba a yarda a sayar da ita ba sai an shiga shekara ta biyar bayan girbi. Abin da aka girbe a 2020, sai Janairu 2025 ya ga kasuwa. Ta Barolo, a lardin Fiyamonti, wata 38 a ke jira. Ashe gidan da ke yin iri biyu ba don ado ya ke yi ba. Fara ita ce kuɗin cefane da biyan 'yan ƙodago, ja ita ce saniyar da a ke kiwo. A nan gandu ya fi kowa. Wanda ya ci bashi mai ruwa ba zai iya zuba ido shekara biyar ba, kamfanin da masu jari ke jiran ribarsu kowace shekara shi ma ya kan ƙosa. Gidan da ke lissafi da jikoki, shekara biyar ba ta tsorata shi.

NOMA MU RABA

Ba haka al'amarin ya ke da can ba. Har tsakiyar ƙarni na 20 yawancin masu huɗa a Tuskani ba su da gonar kansu. Noma mu raba su ke yi: mai ƙasa ya ba da fili da gidan zama, manomi da iyalinsa su yi aiki, da kaka a raba biyu. Wanda rabin guminsa na wani ne, yawa ya ke nema, bai damu da kyau ba. Cikin Fabrairu 1956 aka yi wani mugun ɗari wanda ya kashe itatuwan zaitun masu yawa, ga masana'antu kuma suna neman ma'aikata a biranen Milan da Turin, sai samari suka watse suka bar tsofaffi. A 1964 Gwamnati ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar noma mu raba, a 1982 kuma doka ta buɗe hanyar mai da waɗanda suka rage su zama haya.

A Fiyamonti, can arewa maso yamma, manoma da yawa suna da 'yan gonakinsu, amma ba su tsira ba. Da kaka sai su loda inabi a amalanke su kai kasuwar garin Alba su jira masu saye. Inabi ba hatsi ba ne da za a mai da shi rumbu, in ya kwana biyu ya lalace. Dillali ya san da haka, sai ya bari rana ta yi nisa kafin ya taya abin da ya ga dama. Duk mai noman tumatir ya san wannan irin ciniki.

Hanya biyu suka bi suka fita. Ta farko gama kai ce. A 1958 limamin cocin ƙauyen Barbaresco, Don Fiorino Marengo, ya tara ƙananan manoma 19 suka kafa ƙungiyar Produttori del Barbaresco, suka yi wurin matsa ɗaya, suka riƙa sayarwa da sunan ƙauyensu. Har yau tana nan, gidaje wajen hamsin ke cikinta, kayanta kuwa a na nemansa har Amurka. A ƙasar gaba ɗaya, wajen rabin abin da a ke matsawa daga irin waɗannan ƙungiyoyi ya ke fitowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hanya ta biyu ita ce gida ya yi wa kansa komi, daga dashe har kwalba. Wannan ba ta zo da sauƙi ba, gama sai da ta haɗa uba da ɗa faɗa. Wani matashi na ƙauyen La Morra, Elio Altare, ya je lardin Burgundi na Faransa a 1976, ya ga manoma masu gona kamar tasu suna zaune cikin wadata. Da ya dawo sai ya fara yanke wasu 'ya'yan inabin tun suna ɗanye yana zubarwa, don sauran su nuna da kyau, kamar yadda mai gero ke rage tsiro a rami. Ga tsofaffin da suka ga yunwa, wannan saɓo ne. A 1983 ya sa zarto mai inji ya yayyanka tsofaffin gangunan ubansa, uban ya yi fushi ya hana shi gado, sai daga baya ya sayi gonar daga hannun 'yan'uwansa. Yadda ya yi wa mahaifinsa ba abin koyi ba ne. Amma abin da ya gani gaskiya ne: kaɗan mai kyau wanda aka san mai shi ya fi mai yawa marar suna.

DOKA DA BAƘIN ZAKARA

Da zarar suna ya yi tsada, ɓarayin suna za su zo. Mutanen Italiya sun daɗe da sanin haka. Tun 1716 Sarkin Tuskani, Cosimo na Uku, ya shata iyakar yankuna huɗu, har da Chianti, ya ce daga cikinsu kaɗai za a kira giya da sunayensu. A 1924 manoman Chianti suka kafa ƙungiya don tsare sunan, suka ɗauki hoton baƙin zakara ya zama tambarinsu, har yau a na ganinsa a jikin kwalabensu. A 1963 Gwamnati ta yi babbar doka ta ƙasa duka, wadda a ke kira DOC. Wadda ta fara samun wannan shaida, a 1966, fara ce, Vernaccia ta garin San Gimignano. A 1980 aka ƙaro mataki na sama, DOCG, aka fara da jajaye huɗu, cikinsu har da Brunello da Barolo.

Dokar ba wasa ba ce. Tana faɗin daga wace iyaka zuwa wace iyaka, da irin inabin da za a dasa, da tsawon ajiya, har da yawan abin da gona za ta bayar. Mai Brunello ba shi da ikon girbe fiye da tan 8 a hekta ɗaya, kuma iri ɗaya tak aka yarda masa, Sangiovese. Manomi ya yi mamaki ya ji dokar da ke hana mutum samun yabanya mai yawa. Amma da gangan aka yi, don kada kwaɗayin mutum ɗaya ya zubar da farashin kowa.

Wani zai ce doka ma ta kan yi kuskure, kuma ya yi gaskiya. Ƙa'idar Chianti ta 1967 ta tilasta a zuba farin inabi cikin jar giya, wasu suka fake da wannan suna cikawa da mai araha, har sunan ya fara zubewa. Gidan Antinori na birnin Fulorans, waɗanda kakansu Giovanni di Piero ya shiga ƙungiyar masu wannan sana'a tun 1385, suka ƙi. Daga girbin 1971 suka fito da wata ja mai suna Tignanello, suka bar sunan Chianti, daga baya suka daina sa farin inabi ɗungum. A takarda ta faɗa aji na ƙasa, a kasuwa kuwa ta fi Chianti tsada nesa, don masu saye sun amince da gidan. Sai doka ta bi bayansu. A 1992 aka buɗe sabon aji don irin wannan kaya, daga girbin 2006 kuma aka hana farin inabi cikin Chianti Classico. Darasin a fili ya ke: hukuma tana iya tsare suna, amma ba ta iya yin sa. Mai gona ke yi.

WAKE ƊAYA

Cikin Maris 1986 aka ga abin da algus ke jawowa. Wani ɗan kasuwa a garin Narzole na Fiyamonti ya zuba wa giya mai araha wani ruwa mai guba da a ke kira metanol, wanda a ke amfani da shi a masana'antu, don ya ƙara mata ƙarfi ba tare da kashe kuɗi ba. Ya sayar wa masu ɗurawa, su kuma suka kai kantuna. Kusan mutum ashirin suka mutu, wasu suka makance. Jamus da wasu ƙasashe suka tsare kayan Italiya a kan iyaka, cinikin waje ya faɗi ƙwarai a wannan shekara. Dubban gidajen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka kwana da kaya ba mai saye. Wake ɗaya kan ɓata gari.

Gubar nan ta bi ta cikin kayan da ya ratsa hannu da yawa, wanda ba a iya cewa ga gonar da ya fito. Bayan wannan masifa hukuma ta tsananta bincike, masu saye kuma suka fara tambayar wa ya noma, a ina. Da yawa daga masana sana'ar suna ganin daga nan ne ƙasar ta juya daga neman yawa zuwa neman kyau.

Ko masu babban suna ba su fi ƙarfin jarraba ba. A 2008 hukuma ta binciki wasu masu Brunello bisa zargin gauraya wani irin inabi dabam. Ba guba ba ce, ba wanda ya mutu, amma Amurka, babbar kasuwarsu, ta ce ba za ta karɓa ba sai da takardar shaida. Cikin Oktoba na wannan shekara masu gonakin suka taru suka jefa ƙuri'a, da babban rinjaye suka zaɓi a bar ƙa'idar yadda ta ke, iri ɗaya tak. Sun gane sassauci zai ba su riba ta shekara biyu, ya cinye ta shekara ɗari.

RABON GADO

Abin da ya fi ƙanƙara da ƙwaro kashe gandu a cikin gida ya ke. Dokar Italiya ta ba kowane ɗa haƙƙinsa a dukiyar uba. A yankin Barolo kuwa hekta ɗaya ta kan haura Yuro miliyan 1. In uba ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu, ɗaya na gona uku na birni, daga ina na gonar zai samo abin fansar rabon sauran? Gidan Biondi-Santi, waɗanda suka fito da Brunello cikin ƙarni na 19, a ƙarshen 2016 babban kaso nasu ya koma hannun wani kamfanin Faransa. A wannan shekara kuma wasu attajiran Amurka suka sayi gidan Vietti na Barolo. Sunan yana nan a kwalba, masu sunan kuwa sun zama baƙi a gonar kakanninsu.

Gidan Antinori ma ya kusa. Cikin shekarun 1980 Piero Antinori ya sayar da wani kaso ga kamfanin Whitbread na Ingila, sai a farkon shekarun 1990 ya fanso. Yanzu 'ya'yansa mata uku, Albiera da Allegra da Alessia, ke riƙe da ragamar, su ne tsatso na 26. Wanda ke ganin gandu ya mutu in babu ɗa namiji, sai ya duba wannan gida.

A lardin Bolzano, kan iyaka da Ostiriya, akwai tsohuwar ƙa'ida wadda ta hana tsaga wasu gonaki, magaji ɗaya ke ɗauka ya biya sauran da kuɗi. Wannan al'adarsu ce. Musulmi yana da shari'arsa ta gado wadda ba a taɓawa. Amma babu abin da ya hana magada, bayan kowa ya san rabonsa, su yarda a tsakaninsu su bar filin a haɗe, su riƙa raba abin da ya fito daga cikinsa. Gonar da aka yayyaga gida takwas ba ta iya sayen inji, ba ta iya cika mota, ba ta kuma iya riƙe suna.

ABIN ƊAUKA

Sana'ar ba ta cikin sanyi yau. Cikin shekarun 1960 abin da mutumin Italiya ke sha a shekara ya haura lita 100, yanzu bai kai rabin haka ba. A 2025 Amurka ta ɗora harajin kashi 15 cikin 100 a kan irin wannan kaya daga Turai. In kasuwa ta ƙuntata, wanda ke fara jin jiki shi ne mai sayar da ɗanye, gama a na iya musanya shi da kowa. Mai suna a kan neme shi shi kaɗai.

Wannan batu bai yi nisa da manomin ƙasar Hausa ba. Shekaru aru-aru jar fatar akuyar Sakkwato tana ƙetare hamada a bayan raƙuma, da ta isa Turai sai a ke kiranta fatar Maroko. Masu kiwo da majema suka yi wahala, wasu suka ci sunan. A 2015 kuma Tarayyar Turai, wadda Italiya ke cikinta, ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda maganin ƙwari da aka samu a jikinsa ya wuce ƙima. Ba duk masu wake ne suka yi ganganci ba, amma duka aka rufe wa ƙofa, don buhun ba ya faɗin gonar da ya fito.

Ba sai mutum ya dasa inabi ba kafin ya yi aiki da wannan. Mai riɗi, da mai albasa, da mai zuma, da mai shinkafa, kowa na iya farawa daga kakar bana. Ya sheƙe kayansa sarai, kada ya ƙara tsakuwa ko ruwa don nauyi, ya cika mudu, ya rubuta sunansa da na ƙauyensu a jikin buhu. In ƙarfinsa bai kai ba ya nemi maƙwabta goma su gama kai, su yarda kuma cewa duk wanda ya yi algus za a fid da shi, ko ɗan wane ne. Ɗan kasuwa ya biya mai kyau fiye da marar kyau, in ba haka ba babu wanda zai wahalar da kansa. Ma'aikatan gona da na awo kuma su tsaya a kan ma'auni ɗaya ga kowa. Shekarar fari ba za a ga bambanci ba, watakila har ta uku. Masu Brunello shekara biyar su ke jira kafin su ga kuɗin girbi ɗaya.